Yadda Na-Sani Ya Gyara Littafin Baffa

Akwai mutumin da in ka fara yi masa bayani, kafin ka kai rabi ya ɗaga maka hannu ya ce ya sani. Shi ya sa a unguwar ba mai kiransa da ainihin sunansa, sai Na-Sani, shi kuwa yana amsawa baki har kunne, don a ganinsa yabo ne. Sana'arsa ɗaukar hoton fasfo. Shago dai babu, barandar wani kantin magani ya raɓa, da kujerar roba ɗaya da farin ƙyalle da yake ratayawa a ƙusa biyu. In iska ta taso ƙyallen ya rufe kan wanda ake ɗauka, in ruwa ya sauko a kwashi kaya a guje. Shekara bakwai yana haka, kuma kullum cewa yake na ɗan lokaci ne.

Wata rana aka yi taron bita na marubuta a ɗakin karatu, na kwana uku, aka kira shi ya ɗauki mahalarta hoto don takardar shaida. Tsakanin hoto da hoto yakan jingina da ƙofa ya kasa kunne. Kwana biyu ya yi yana tsintar magana, rana ta uku bai je ba don an riga an sallame shi. Da ya dawo gida ya shaida wa matarsa, wadda malamar firamare ce, cewa daga yau ta san da edita take zaune. Ta tambaye shi editan me. Ya ce na littattafai mana, rubutu da gyara da talla, duk ya haddace su. Ta dube shi ta ci gaba da abin da take yi, don ta ga lokacin da ya zama masanin kiwon kifi da lokacin da ya zama mai gyaran rediyo.

Ana nan sai ga abin da yake nema ya faɗo. Baffansa, yayan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar uban, tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin da biyar ya yi a kan hanya, da ya ajiye sitiyari sai ya zauna ya rubuta rayuwarsa da shuɗin biro a littattafan rubutu huɗu irin na 'yan makaranta. A ƙofar gidan Baffa kuwa akwai shago, mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe da baranda mai rumfa, a rufe tun da tela ya tashi. Na-Sani ya daɗe yana kallon shagon nan kamar ya haɗiye shi. Har ya riga ya zana allon a ransa: ofishin edita, da sunansa da manyan haruffa.

Ya je ya gai da Baffa a ɗaki, ya cire hula ya rataye a ƙusar bayan ƙofa, wani abu ya yi ƙara a jikin ƙusar, bai ko waiwaya ba. Ya zauna ya zuba wa tsoho jawabi na kusan awa ɗaya. Ya ce littafi kamar mota ne, marubuci ya ƙera, edita ya ɗaure kusoshi, mai talla ya tuƙa. Baffa ya saurara yana murza gemu, ya ce a ba shi kwana biyu, akwai ɗan abin da zai ƙara. Da kwana biyun suka cika ya miƙa masa littattafan huɗu ɗaure da igiya.

"Littafin nan ya fito yadda ya kamata, shago naka ne," in ji Baffa. "Amma ka karanta shi. Tun daga farko har..."

"Na sani, Baffa."

A wurin bita ya ji ana cewa edita na aiki da jan biro, sai ya ɗauki na matarsa ba tare da ya tambaya ba. Ranar farko ya gyara shafi uku, ya fito yana miƙa yana cewa aikin ƙwaƙwalwa ya fi dako wahala. Washegari malama ta ƙwace bironta, don makon jarrabawa ne kuma tana da takardun yara sittin. Ya ce ba komai, gwani ba ruwansa da launi, ya ɗauki shuɗi. Ga shi Baffa ne ya koya masa rubutu yana yaro, hannunsu ɗaya sak, har yadda suke karkatar da haruffa.

Ya kuma ji an ce edita na kirki yana rubuta abin da ya ji a ransa a gefen shafi, tsakaninsa da Allah, kada ya ji kunyar kowa. Wannan shawara ta yi masa daɗi ƙwarai, don ya daɗe da abubuwa a ciki. Duk inda ya ga abin cewa sai ya rubuta a gefe, ya ja 'yar kibiya zuwa layin da yake nufi, daidai yadda yake ja wa gyara na gaske. Niyyarsa in ya gama ya bi ya soke na sirrin. Ya yi kwana huɗu yana wannan aiki, ya kai shafi na arba'in a littafi na farko, daga nan sai hankalinsa ya koma kan bango, watau inda sunansa zai fito. Maganar sokewa ta bi iska.

Ya kwashi littattafan ya kai maɗaba'a. A can, ƙarƙashin matakalar bene, akwai wata mata mai buga rubutu a kwamfuta, wurin da take zama ko miƙe wuya ba ta iya yi sai kanta ya bugi siminti. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Bayan kwana biyu ta aika a kira shi, ta buɗe shafi ta nuna masa da yatsa, ta ce akwai wasu layuka a gefe da take so ta tabbatar.

"Na sani. Gyara ne. Duk inda kika ga kibiya, ki shigar da shi nan."

"To amma wasu kamar ba..."

"Hajiya, ke kika je bita ko ni? Ko ɗigo kada ki bari. An ce min ku masu kwamfuta kun iya tsallake layi."

Wannan magana ta ɓata mata rai, don a shekara goma sha biyu ba a taɓa kama ta da tsallake ko waƙafi ba. Ta rufe littafin ta ce to. Bayan mako uku da ta gama, zuciyarta ba ta ba ta ta yi shiru ba, ta sake gwadawa. Ta ce masa a shafin ƙarshe akwai abin da tsohon ya rubuta masa shi kansa, gara ya duba. Ya yi murmushi irin na manya ya ce ya sani, godiya ce, marubuta duk haka suke yi wa editocinsu, zai ji ta a bainar jama'a ta fi daɗi.

Mai maɗaba'a ya fitar da kwafin gwaji, ya ce ƙa'ida ce a tafi da shi gida a karanta kafin a sa hannu, don abin da inji ya buga ba ya gogewa. Na-Sani ya ɗora kwafin a tafin hannu ya jijjiga kamar mai auna kaza, ya zuge shafukan da babban yatsa, ya shinshina tawada. Ya ce idon mai hoto ne da shi, kuskure daga nesa yake hango shi. Abu ɗaya ya gani: sunan edita ya yi ƙanƙanta. Suka yi rabin awa suna ja a kan wannan, har aka ƙara shi ya kusa kamo na marubucin, sannan ya sa hannu da wata irin lanƙwasa da ya kwana biyu yana koyo. Da Baffa ya nemi a kawo masa ya gani, ya ce a'a, marubuci shi ne babban abokin gaban littafinsa, in ya gani zai yi ta canje-canje har a shekara. Baffa ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaye shi ko ya karanta duka. Ya ce har ya kusa haddacewa. Ran nan ma a ƙusar bayan ƙofa ya rataye hularsa.

Sai aka zo talla, inda Na-Sani ya ce nan ne asalin fagensa. Ya zaunar da Baffa a kujerar roba, ya ce kada ya yi murmushi, ya buɗe kunnuwa, ya kalli gaba, don hoton da ya iya ke nan. Ya buga hoton a manyan takardu da sunan tsoho a ƙasa da lambar waya, bayanin littafin kuwa da ƙananan haruffa a can gindi, ya bi turakun lantarki ya manna. Kafin azahar mata uku sun shigo wurin Inna, matar Baffa, suna salati suna tambayar yaushe ya fita da kuma irin kayan da ke jikinsa. Bakanike, aminin Baffa na shekara arba'in, ya rufe gareji ya taho a guje da baƙin mai har gwiwar hannu, ya tarar da wanda ake cigiya zaune a tsakar gida yana yanke farce. Inna ta aika a kira mata edita, ta wanke shi tas. Ya fito yana gaya wa mai kantin magani cewa abin da ake kira jan hankali ke nan, yanzu ba wanda bai san da littafin ba.

Dabararsa ta biyu ita ce leda. Ya ce mutanenmu in ka bari suka buɗe littafi a tsaye za su karance shi su ajiye, don haka aka naɗe kowane kwafi aka liƙe da wuta, ba mai buɗewa sai ranar ƙaddamarwa. Ta uku kuma ita yake ji da ita: duk wanda aka ambata a littafi sai ya saya. Ya bi gida gida ya gayyaci bakanike da tsofaffin direbobi da maƙwabta da dangin Inna, yana gaya wa kowa cewa yana ciki. Malama ta roƙa masa zauren taro na makarantarsu. Ta kuma ce masa, a hankali, ya yage leda ɗaya su duba a gida. Ya ce ita da 'yan aji uku ta saba, wannan harka ta manya ce.

Wanda ya zaɓa ya karanta wa jama'a shi ne tsohon hedimastan makarantar, saboda muryarsa ba ta buƙatar lasifika. Abin da Na-Sani bai tsaya ya ji ba, ko da yake malama ta fara gaya masa, shi ne hedimasta mutum ne da ke karanta abin da ke kan takarda, duka, ba ragi. An ce ya taɓa karanta jawabi a gaban manyan baƙi har da inda aka rubuta a juya shafi.

Ranar Asabar da hantsi zaure ya cika. Baffa da Inna na kan tebur na gaba, kwalayen littafi a gefe. Na-Sani ya sha sabon ɗinki, ya yi jawabi na minti ashirin kan sirrin gyaran littafi. Ya ce edita na gaske sai ya bi littafi layi layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kuma shi sau uku ya bi wannan. Aka tafa. Ya yage ledar farko da hannunsa ya miƙa wa hedimasta, ya koma ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Hedimasta ya gyara murya.

"Ranar da na fara riƙe sitiyari ina da shekara goma sha tara, maigidana na zaune a gefe. Wannan buɗewa ba ta da armashi, amma tsoho ne, a bar shi."

Wasu suka yi 'yar dariya, suna zaton Baffa ne ke tsokanar kansa. Na-Sani ya sauke ƙafa. Maganar ta yi masa kama da wadda ya sani, amma ya kasa tuna inda ya ji ta. Hedimasta ya wuce zuwa labarin ranar da birki ya tsinke a gangare, da lodi har sama, Baffa ya yi ta sauke giya har Allah ya tsayar da motar a bakin gada. Tsofaffin direbobi na ta gyaɗa kai.

"Na sauko na yi wa Allah godiya. Baffa ya ƙara gishiri a nan. Bara da ya ba ni labarin, gangaren bai kai haka tsawo ba, kuma ba gada."

Nan Na-Sani ya gane rubutunsa na gefen shafi ake karantowa. Ya miƙe ya ce a gode wa hedimasta, an ɗanɗana, saura a saya. Baffa bai ko dube shi ba, ya ce Malam ya ci gaba. Bakanike daga layi na biyu ya ce a karanto inda yake, tunda an ce yana ciki. Hedimasta ya lalubo wurin.

"Aminina bakanike, mutum ne da hannunsa ke da albarka. Albarka ina, shi ya kashe min babur. A dai gayyace shi, in ya ga an yabe shi zai sayi biyu."

"Babur ɗin da ka zuba wa man gyaɗa a inji?" in ji bakanike, yana ƙoƙarin tsallako benci, mutum biyu na riƙe da rigarsa. "Na ce maka kada ka zuba, ka ce ka sani."

Kafin a zaunar da shi hedimasta ya riga ya shiga babin aure, don shi in ya fara ba ya tsayawa sai an karɓe takardar. Ya karanta yadda Baffa ya yabi Inna, mace mai haƙuri wadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Sannan, da murya ɗaya ba canji, ya ƙara da cewa har bakin titi ake ji. Dangin Inna suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna abin da aka karanta yanzu, ta rufe, ta bi Na-Sani da wani kallo da ya fi faɗan zafi. Malama kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

Zuwa lokacin jama'a sun yi kan kwalaye. Ba ka jin komai sai ƙarar yage leda, kowa na neman abin da aka ce a kansa, in bai samu ba ya nemi na maƙwabcinsa. Na-Sani na tsaye yana cewa kuskuren inji ne. Mai maɗaba'a ya zaro takardar da aka sa wa hannu daga aljihu ya ɗaga sama, da lanƙwasarta da komai. A cikin hayaniyar muryar hedimasta ta sake tashi, ya iso shafi na arba'in.

"Daga nan na gaji. Sauran duk mota ce da hanya, ba sai na karanta ba. A tuna a yi wa Baffa maganar shago."

Dariyar da aka yi har masu wucewa a titi sai da suka leƙo ta taga. Baffa ne kaɗai bai yi ba. Ya bari ta lafa, sannan ya ce Malam ya taimaka ya buɗe shafin ƙarshe. Hedimasta ya buɗe, ya matso da littafin kusa da ido.

"Ɗan ƙanena, na san halinka, halin ubanka ne. Shi ma bai taɓa jin magana har ƙarshe ba, kuma a haka nake ƙaunarsa, har yau ina kewarsa. Ban damu littafin nan ya yi kyau ko kada ya yi ba. So nake wani nawa ya san hanyar da na bi. In idonka ya kai wannan layi, rufe littafin ka zo ka ɗauki makullin shago, ba sai an buga komai ba. Yana rataye a ƙusar bayan ƙofar ɗakina."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na-Sani ya tuna ƙusar, ya tuna ƙarar da yake ji duk sanda ya rataye hula. Wata uku makullin na nan, sau huɗu yana rufe shi da hularsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ba ta jama'ar ba ce, ta tsohon nan ce da ya yi wata uku yana jiran a turo ƙofa.

Baffa ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin. Ya tambaya ko a zauren nan akwai wanda ya karanta littafin har wannan shafi kafin yau. Mai maɗaba'a ya ce shi tawada yake dubawa. Can baya, kusa da ƙofa, mai kwamfuta ta ɗaga hannu a hankali. Baffa ya tambaye ta abin da ya faru a littafi na uku. Ta ce nan ne ya kwana biyu a daji da gawar ƙanensa, mahaifin Na-Sani, a mota, taya ta fashe ba mai tsayawa, kuma sai da ta tashi daga kan kwamfuta ta wanke fuska kafin ta iya ƙarasa bugawa. Baffa ya jinjina kai. Ya ce ya ji an ce inda take aiki ko miƙewa ba ta iya yi, ta zo ta karɓa.

Na-Sani ya matso ya durƙusa, murya ƙasa ƙasa.

"Baffa, ni fa..."

"Na sani," in ji Baffa. "Shagon yana da baranda. Tana da rumfa, ruwa ba ya shiga. Ka kawo ƙyallenka."

Ko kwafi ɗaya bai yi saura ba ran nan, bakanike ma biyu ya saya, ɗaya na karatu ɗaya na shaida. Ranar Litinin Na-Sani ya kafa ƙusa biyu a bangon barandar, ƙarƙashin sabon allon mai kwamfuta. Mai kantin magani da ya taya shi ɗauko kujera ya ji yana gaya wa wani cewa littafin da ya ƙare rana ɗaya ai ba a ce tallarsa ta gaza ba. Amma da mutane suka watse, aka bar shi shi kaɗai, ya zaro kwafin da malama ta saya ta saka masa a jaka, ya zauna a kujerar roba. Ta ninke masa kusurwar shafi na arba'in da ɗaya, daga nan ya fara.